Boksi Biyu a Hanyar Bir Sayala

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na tayar da boksina a ƙofar gidanmu da ke unguwar Alsawra. Watan Janairu ne, sanyi ya kai inda sai na murɗa makulli sau uku kafin injin ya amsa. Boksi shi ne sunan da muke kiran a-kori-kura a nan Omdurman, nawa kuwa shekararsa ashirin da bakwai a hannuna. Da shi na yi jigilar kaya tsakanin kasuwar Suk Libya da ƙauyukan yamma har na aurar da 'ya'yana huɗu.

Dalilin tafiyar shi ne yayata Halima. Tana zaune a Bir Sayala, wata rijiya cikin sahara inda marigayin mijinta ya kafa shago don masu raƙuma. Maƙwabciyarta ta hau tudu inda waya take kamawa, ta kira ta ce mana tari ya kwantar da Yaya kwana shida, numfashi yana yi mata wuya. Ba a shiga wannan hanya da mota ɗaya, don haka 'yata Maryam ta ce mijinta Abdurrahim zai biyo ni da tasa, ita ma za ta zo don ta riƙe gwaggonta.

Sun iso daga unguwarsu ta Hajj Yusuf ƙarfe biyar saura kwata. Muka yi sallah a masallacin unguwa, muka kama hanya.

Ranar farko: daga Alsawra zuwa ƙarshen kwalta

Ya kamata in bayyana bambancin motocin nan biyu, domin a kansa tafiyar ta juya. A tawa, idan ana son tayoyi huɗu su ja tare, abin da muke kira dabal, sai direba ya tsaya, ya sauka, ya murɗa wani makulli da ke tsakiyar kowace tayar gaba da hannunsa, sannan ya koma ya ja ƙaramin giya. In ya dawo kan ƙasa mai tauri sai ya sake sauka ya buɗe, in ba haka ba ya sha mai kuma ya gajiyar da ƙarafa. Ta Abdurrahim sabuwa ce. Akwai ɗan abin murɗawa kusa da sitiyari, in ya sa shi a kan otomatik, motar da kanta take jin tayar baya ta fara sulɓi, sai ta tura ƙarfi gaba.

Ranar da ya saye ta ya kawo ta garejin abokina a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, don in gani. Na zagaya ta, na ce masa mota ce mai kyau ga wanda bai san hanya ba. Tsakanina da shi dama gaisuwa ce da kunya irin ta suruki, kuma daga ranar gaisuwar ta ƙara gajarta.

Mun wuce shingen binciken da ke bakin gari ƙarfe shida saura minti goma. Jami'in ya naɗe kansa da mayafi har ido kawai ake gani.

"Ina zuwa, ya Hajj?"

"Ɗauko mara lafiya."

"Allah ya ba ta lafiya. Ku wuce."

Ƙarfe takwas da kwata, bayan kilomita ɗari da arba'in a kan titin arewa, muka tsaya wurin wata mai shayi a gefen hanya. Muka ci ful, wato dafaffen wake, da burodi, muka sha shayi da madara. Na lura Maryam tana kallon yadda na riƙe kofin da hannu biyu. Shekara biyu ke nan yatsuna suke sandarewa in an yi sanyi, ban gaya wa kowa ba.

"Baba, hannunka lafiya?"

"Ɗumi nake ji," na ce mata.

Cikin yashi

Ƙarfe tara muka sauka daga kwalta muka yi yamma. Daga nan zuwa Bir Sayala kilomita tamanin da biyar ne, babu hanya sai sawun manyan motoci da duwatsun da na haddace. Rana ta ɗan ɗaga, yatsuna sun saki, na sauka na murɗa makullan gaba ba tare da wahala ba. Na rage iskar tayoyina. Abdurrahim yana zaune a cikin motarsa yana jira na.

"Ba za ka rage iska ba?" na tambaye shi.

"Ammi, an ce ita da kanta take gyara komai." Ammi, wato baffa, shi ne yadda yake kirana.

Na bar shi. Ban kyauta ba, amma na bar shi.

Ƙarfe goma da rabi muka shiga wani kwari mai yashi mai laushi. Na wuce. Na duba madubi, na ga motarsa ta tsaya tana haƙa. Kafin ta gane baya yana sulɓi ta tura ƙarfi gaba, gudun da ta shigo da shi ya riga ya mutu, tayoyin kuma cike da iska suna nutsewa kamar tabarya. Na dawo da ƙafa. Yana tsaye riƙe da shebur, ya kasa kallona.

"Nuna mini abin murɗawar nan," na ce.

Ya nuna mini. Ashe bayan otomatik akwai wurin da ake kulle tayoyi huɗun gaba ɗaya, akwai kuma na ƙaramin giya, daidai da na tawa. Bai taɓa kai hannunsa can ba. Muka rage iska, muka share yashin gaban tayoyi, ya sa ta a ƙaramin giya, ta fito a hankali kamar ba ita ba. Minti hamsin muka ɓata.

Da muka tsaya sallar azahar ya ce mini ƙaninsa da ke aiki a wata ƙasa mai ƙanƙara shi ya ba shi shawarar sayenta. A can, in ji shi, titi ɗaya sai ka samu nan bushe, gaba kaɗan santsi, gaba kuma bushe, babu direban da zai iya sauka yana kullewa yana buɗewa kowane minti biyu.

"To, ai nan ba ƙanƙara," na ce. "Yashi ba ya jiran mota ta yi tunani. Kafin ka shiga ake shiri."

Ya ce, "Na gani, Ammi." Na ji daɗin kaina ƙwarai a wannan rana.

Bir Sayala

Mun isa ƙarfe biyu da minti ashirin. Gidaje ba su wuce goma sha biyar ba, da rijiyar a tsakiya. Yaya tana kwance a kan gadon igiya, an lulluɓe ta da barguna uku. Ita ce ta goya ni lokacin da mahaifinmu yake koyar da karatu a tsohuwar unguwarmu, inda kakanmu da ya baro Katsina da niyyar Makka ya tsaya a bakin kogin Nilu. Yanzu hannunta bai fi na ƙaramar yarinya nauyi ba.

"Garba, ka zo da tsohuwar motar nan taka?" ta ce, tana tsayawa tsakanin kalmomi.

"Da ita na zo, Yaya."

"Ku biyu ba kwa gajiya."

Maryam ta ba ta ruwan ɗumi da zuma. Maƙwabta suka kawo mana kisra, wata siririyar wainar dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa. Na so mu juya nan take, amma in mun tashi da la'asar duhu zai same mu a tsakiyar yashi. Muka shirya kayanta, akwati biyu da keken ɗinki, muka ɗaure a bayan boksina. Ita kuwa dole ta shiga motar Abdurrahim, domin tasa tana da na'urar ɗumama ciki, tawa kuma iska tana shigowa ta ko'ina.

Rana ta biyu: Kwarin Talha

Mun tashi ƙarfe shida da kwata. Ban taɓa jin sanyi irin na wannan safiya ba. Ruwan buta kamar wuƙa. Kilomita talatin na farko tsakuwa ce mai tauri, kuma jiya da na shigo ta na buɗe makullan gaba don in tanadi mai. Na san sarai kafin Kwarin Talha dole in tsaya in kulle su.

Da muka kusa, na dubi hannuna a kan sitiyari. Yatsun sun lanƙwashe, ko hulata ba zan iya ɗagawa da su ba. In na tsaya, sai na kira surukina ya murɗa mini, a gaban 'yata. Na ce a raina kwarin ba shi da faɗi, na sha tsallake shi da gudu. Na ja ƙaramin giya kamar mai yaudarar kansa, alhali na san ba abin da zai yi muddin makullan suna buɗe, na taka totur.

Ban kai rabi ba. Bayan motar ya zauna har ƙasan akwatin giya, nauyin kayan Yaya ya ƙara danna ta. Ƙarfe bakwai da minti biyar ke nan.

Abdurrahim ya tsaya a bakin kwarin, ya taho da gudu. Ya tarar da ni durƙushe gaban tayar gaba ina ƙoƙarin murɗa makullin da tafin hannu. Ya duba makullin, ya duba hannuna. Ya durƙusa kusa da ni ya murɗa, ya zagaya ya murɗa ɗayan.

Amma an makara. Muka haƙa, muka sa jak, muka cusa rassan itace. Ya ɗaura igiya ya ja, igiyar ta tsinke. Ƙarfe takwas da rabi Maryam ta sauko daga motarsu.

"Baba, leɓen Gwaggo ya fara canza launi."

Na ce wa Abdurrahim, "Ku tafi. Ku bar mini ruwa, zan jira wata mota."

"Ammi, ban san hanyar ba. Jiya bayanka kawai nake bi. In na ɓata da ita a ciki fa?"

Gaskiya ya faɗa. Na tsaya ina kallon boksina. Ban taɓa kwana nesa da shi a daji ba. Akwai zangon masu raƙuma kamar kilomita ɗaya daga wurin, muka biya, na damƙa wa dattijonsu makullin motar.

"Motarka da kayanka suna cikin amanar Allah da tamu," ya ce. "Je ka da mara lafiya."

Daga kwari zuwa Omdurman

Na shiga gaba kusa da surukina. Rabona da zama a wannan gefen mota na manta. Ɗumin ciki ya fara sakin yatsuna, suna zafi kamar ana soka musu allura. A baya Yaya ta jingina da Maryam, ina jin kowane numfashinta.

Aiki ya rabu biyu. Ni ina kallon ƙasa, shi yana tuƙi. "Yashi na zuwa, kulle huɗun." Sai ya murɗa da yatsa ɗaya ba tare da ya tsaya ba. "Bi ta dama da dutsen can, kada ka ɗaga ƙafa." "Nan tauri ne, mayar da ita." Na ƙirga a zuciyata, sau tara muka canza a cikin kilomita hamsin da biyar. Da a tawa ne, da na zaɓi ko dai in bar ta a kulle tana ƙugi har kwalta, ko in riƙa sauka da wannan hannu.

Mun hau kwalta ƙarfe goma da minti arba'in, muka ƙara iska da ɗan famfonsa. Iskar dare ta kwaso yashi ta shimfiɗa a kan titin wuri-wuri, nan tsiri, can tsiri. Ya sa ta a otomatik. A wata kwana muka hau tsirin yashi da gudu, na ji bayan motar ya fara zamewa, kafin in buɗe baki gaban ya kama, ta miƙe. Shekara talatin ina tuƙi, kuma na san da tawa ce, tayoyi biyu kawai ke ja a wurin, da sai abin da Allah ya yi.

"Wannan ne abin da ƙaninka yake nufi," na ce.

"Shi ne, Ammi."

"Yana da gaskiya a nan."

Muka ci gaba da tafiya. Ina tunanin yadda na ɗauki wahalar sauka da murɗa ƙarfe a matsayin sanin hanya, alhali abu biyu ne daban. Sanin yana nan a kaina, da shi muka fito daga sahara. Hannun ne ya tafi, kuma ɓoye hakan ya ci wa yayata awa ɗaya da rabi na numfashi.

Ƙarfe ɗaya saura kwata muka tsaya a ƙofar asibiti a Omdurman. Aka sa mata iskar numfashi nan take. Likitar ta ce ciwon huhu ne, ya yi nisa amma bai fi ƙarfin magani ba. Da la'asar Yaya ta buɗe ido ta tambayi keken ɗinkinta. Na ce mata yana wurin mutanen kirki. Sannan na gaya mata abin da na yi a kwarin, a gaban Maryam da mijinta, ban rage komai ba.

"Tun kana yaro ba ka iya cewa a taimake ka ba," ta ce. "Nuna wa likitar hannun kafin ka fita."

Na nuna.

Gida

Maryam ta zauna da ita. Abdurrahim ya sauke ni a Alsawra daf da magariba. Kafin in fita na ce masa akwai wani direba a Suk Libya da zai iya zuwa ya ɗauko boksin, shi ya koma aikinsa, ya wahala isa haka.

Ya kashe injin. "Ammi, jibi Juma'a ba ni da aiki. Mu ɗauki direban da igiya mai ƙarfi mu koma tare. Ni in tuƙa, kai ka zauna a nan ka nuna mini duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ina so in san hanyar."

Na ce masa to, ya zo ƙarfe biyar, kuma ya shigo ciki ya sha shayi, kada ya tsaya a waje yana jira.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa matar da ta hau tudu ta nemo mu a waya, da dattijon zangon raƙuma da bai ma tambayi sunana ba, da surukina. Yaya ta kwana tara a asibiti, yanzu tana ɗakin baƙi a gidana, tana yi wa jikokina faɗa.