Yaren da Malam Rashidu Ya Hana Jikansa

Malam Rashidu tela ne a unguwar Briqueterie. Yana saurayi ya zo Yawunde daga Garwa, a kan keken ɗinki kuma furfura ta same shi. A gidansa Hausa ake yi, Fulatanci sai an yi baƙi, Faransanci na makaranta ne da ofis. Ingilishi kuwa ko zo in kashe ka ba ya ji.

'Yarsa Saliha ta auri Idris, wani malamin makaranta ɗan Kumbo, can yankin masu Ingilishi. Da rikici ya ɓarke a can aka fara ƙona gidaje, sai ta gudo da ɗansu Alim, yaro ɗan shekara huɗu. Idris ya tsaya jinyar mahaifiyarsa. Yaron ya zo da surutu kamar aku, amma duk cikin Ingilishi, yaren ubansa.

Lokacin jandarmomi na yawan shigowa unguwa neman takardu. Wata rana wani mai karɓar ɗinki ya ji Alim na waƙa a ƙofar shago, ya yi dariya ya ce, "Malam, 'yan aware ka fara ajiyewa?"

Wasa ya yi, amma Malam Rashidu bai ɗauke shi wasa ba. Da ya shiga gida ya kira Saliha.

"Daga yau kada in ƙara jin yaren nan a gidana."

"Baba, da shi fa yake magana da ubansa."

"Ubansa ba ya nan. Mu ne a nan."

Alim ya yi makonni bakinsa a rufe, sai dai ya nuna abu da yatsa. Daga baya Hausa ta kama bakinsa, Faransanci ya biyo baya. Kiran Idris ma ba ya samuwa sai jefi-jefi, domin layin can kullum a katse. Malam Rashidu ya ɗauka ya yi dabara.

Bayan shekaru mahaifiyar Idris ta rasu, sai ya samu hanya ya iso, ya rame ƙwarai. Ya durƙusa a tsakar gida ya buɗe hannuwa, yana ta yi wa ɗansa magana. Alim ya dube shi, ya juya wajen uwarsa.

"Inna, me mutumin nan yake cewa?"

Idris bai yi ƙorafi ba. Da 'yar gurguwar Hausarsa ya ce, "Baba, na gode, ka riƙe mini su." Da ma zaginsa ya yi, da ya fi wa tsohon sauƙi.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya kama hannun jikansa har unguwar Madagascar, ya sa shi a wata makarantar Ingilishi. Yanzu yaron ya fara haɗa kalmomi, amma in zai yi hira da uban sai ya riƙa laluben magana kamar baƙo. Malam Rashidu in ya ji su yakan sunkuyar da kai ya wuce.

Saliha ta taɓa ce masa, "Baba, abin nan fa ya wuce."

Ya ce, "A wurinku ya wuce."