Tukunyar Tabar Baffa

Shekarar da na koma gida wankan jego na fari, damina ta yi nauyi a wajenmu. Tun da aka jawo ruwan kanal ya ratsa bayan gari, danshi ya kama gindin katangu, gidajen ƙasa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. A gidanmu ɗakin Baffa ne ya fara faɗuwa. Allah ya sa yana masallaci.

Baffa yayan mahaifina ne. Yana saurayi ya tafi Makka a ƙasa, ya tsaya a Sudan yana noman auduga, bai dawo ba sai da furfura. Ya zo shi kaɗai, da akwati ɗaya da wata doguwar tukunyar taba ta ƙarfe, wadda ake zuba wa ruwa a ƙasa, a ɗora garwashi a sama. Shi yana ce mata shisha. Gidanmu gidan malamai ne, mahaifina ba ya son ko warin taba, don haka Baffa bai taɓa kunna ta ba. Ya naɗe ta a tsumma ya tura ƙarƙashin gado.

Sai bayan ruwa ya ɗauke aka kwashe ƙasar ɗakin. Da aka tono tukunyar, wuyanta ya yi ja da tsatsa, gindinta na tagulla ya yi kore kamar gansakuka. Lokacin idon Baffa ya kusa tafiya, ga tari. Ya shafa ta, ya kira ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ba ya faɗar sunana.

"Uwata, ko za ki wanke mini ita?"

"To, Baffa. Amma ta ci tsatsa sosai."

"Ki gwada dai."

Na jiƙa tsamiya a kwano na tsoma gindin, na yanka lemon tsami ina dangwala toka ina gogawa. Jaririna na bayana yana barci. Koren ya riƙa fita a hankali, ruwan ya koma kalar miyar kuka, sai ga zanen ganye da aka sassaƙa a jikin tagullar. Na kama yatsan Baffa na ɗora a kai.

"Nan take riƙewa," ya ce.

"Wa?"

"Matata. Duk Alhamis sai ta goge ta da toka. Ta mahaifinta ce, shi ya ba ni ranar da zan taho, wai don in tuna in komo."

Ban taɓa jin Baffa yana da mata ba. A gidan kowa tuzuru ya ɗauke shi, ko wanda matarsa ta rasu tun da daɗewa. Ya ce ya baro ta a Sudan da 'yarsu, yarinyar tana tatata. Ya zo ne ya ga mahaifiyarsa ya koma, sai ya tarar da ita kwance, ya yi jinya har ta cika. Daga nan ciwon ƙafa ya kama shi, sannan aka yi fari, hanya ma ta daina biyuwa. Kullum yana cewa baɗi, har kunyar komawa ta fi ƙarfinsa.

"Yanzu 'yar ta girme ki nesa ba kusa ba," ya ce. "Wataƙila ma tana da jikoki."

Na koma kan wuyan da yashi mai laushi. Nan ne abin ya ɓaci. Ƙarfen ya riga ya mutu a ciki, ina gogawa yana marmashewa, har yatsana ya zurma. Na ɗan ƙara, wuyan ya rabu biyu a hannuna. Na fashe da kuka.

"Bari kuka, Uwata, nononki zai tsinke. Ba ke kika karya ba."

Mahaifina ya shigo daga gonar tumatir, laka har gwiwa, ya tsaya yana kallonmu. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya tsuguna ya tsince gutsattsarin a bakin rigarsa.

"Yaya, ranar kasuwar Bunkure zan kai wa mai dalma."

Ya kai kuwa. Mai dalma ya juya ta, ya ce babu inda dalma za ta kama. Mahaifina ya dawo da gindin tagullar kawai, Baffa ya ajiye shi kusa da matashinsa.

Baffa bai kai yankan alkama ba ya rasu. Bayan an yi sadakar bakwai na gaya wa mahaifina zancen 'yar, ya ce shi ma bai sani ba. Duk shekara idan alhazai za su tashi yakan roƙe su su tambayi Hausawan Sudan da suka haɗu da su. Ba mu san sunan ƙauyen ba, don haka ba wanda ya taɓa dawo mana da labari. Da aka zo rabon gado, mahaifina ya ware wa 'yar kasonta na gona a bakin kanal, ya ci gaba da noma shi da sunanta har ƙarfinsa ya ƙare.