Tsintsiya Ba Ta San Ɗan Wane Ba

Kafin a kunna injin farko a masana'antar sabulu, Baba Mai Tsintsiya ya riga ya zagaye sashensa. Zai taɓa jikin kowane inji da bayan hannu, ya leƙa ƙarƙashin teburin yanka, sannan ya tsaya bakin ƙofa yana amsa gaisuwa. Ba mai shara ba ne, shi ne shugaban sashen. Halinsa ne ya jawo masa sunan: duk wanda aka turo masa aiki, tsintsiya yake fara miƙa masa. Cewa yake wanda bai share ƙarƙashin inji ba bai san inda inji yake cin yatsa ba.

Da aka sayar da kamfanin, sababbin masu shi suka zo da kujeru masu juyawa da kalma guda: "namu ne." Ɗan yayar sabon shugaba ya zama mai kula da sito, abokin karatunsa ya karɓi sashen saye, kowa da uwarsa a gindin murhu. Duk "namu" da ya shigo ta ƙofar gaba, wani tsohon ma'aikaci ne ke fita ta baya.

Rannan aka turo wa Baba ƙanin matar shugaba, saurayi cikin farar riga, wai ya koyi riƙon sashe. Baba ya yi masa barka da zuwa, ya miƙa masa tsintsiya. Masu ɗurin kwali sun shaida cewa saurayin ya dubi tsintsiyar, ya dubi takalminsa, sannan ya duƙa ya yi shara. Shi bai ji haushi ba. Wanda ya ji haushi yana sama, bayan gilashi.

Shugaban bai yi faɗa ba, wayonsa ya wuce nan. Ya kira Baba ofis, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi.

"Baba, an ce babban ɗanka ya gama karatu yana zaune a gida. Kawo shi gobe. Ai shi ma namu ne."

Ba ƙarya ya yi ba. Yawon neman aiki ya suɗe wa yaron takalmi, Baba kuma ya gaji da tarar da shi a kan benci a ƙofar gida. Ransa ya biya ƙwarai.

"Na gode, ranka ya daɗe. A gurbin wa?"

"Mai tarin nan da ke kan injin yanka. Kai dai ka ce ba ya iyawa, sauran aikin namu ne."

"Tari kam yana yi," in ji Baba. "Amma yana iyawa." Ya ajiye kofin bai kurɓa ba.

A gida aka yi ta. "Malam, kowa ya samu rana shanya yake yi," in ji matarsa. "Kai ka samu rana ka shige inuwa." Ɗan ya tashi ya bar musu ɗakin, kuma fitar nan ta fi ci wa Baba rai.

Ba a jima ba aka mai da Baba sito, ƙarƙashin ɗan yayar shugaba, wai don ya huta. A can ya ƙarasa shekarun aikinsa yana jera kwalaye. Mai tari yana nan kan injinsa, yaransa na makaranta, bai san an taɓa cinikin gurbinsa ba, sai fa in ya karanta wannan. Ɗan Baba kuwa tasi yake tuƙawa.

Baba, kai ne aka miƙa wa abin da kake roƙon Allah kullum, ka tsaya tambayar daga bakin wa aka fizgo shi. Icen da ba ya lanƙwasuwa, mun gode. Allah ya sa ka huta lafiya, ya buɗa wa ɗanka ƙofar da ba a ture kowa ba kafin a buɗe ta.

A makon da Baba ya yi ritaya, shugaba ya turo ɗan cikinsa tsohon sashen Baba. Kawun yaron ne, mai farar rigar nan, yake riƙe da wurin yanzu. Ya yi masa barka da zuwa, ya miƙa masa tsintsiya.

Mu kuma da muka rage, duk ranar da aka ce mana "kawo naka," mu ari bakin Baba mu tambaya: a gurbin wa?