Uwar Sauro

Kowa kashe sauro yake yi, yayata ce kaɗai na sani da take kiwonsa, har a ba ta albashi a kai. A cibiyar binciken cututtuka take aiki, a wani ɗaki can ƙarshen baranda, mai ɗumi da danshi kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi. Sunan da suka laƙaba mata a can ya biyo ta har gida: Uwar Sauro. Ni na fi kowa yaɗa shi, ita kuwa ko a jikinta.

Da safe takan zagaya farantan ruwa ta barbaɗa wa tsutsotsin sauro garin abinci, ta jiƙa auduga da ruwan sukari ta ɗora wa manyan a kan kejinsu na raga. Matan kuwa sai sun sha jini suke yin ƙwai, don haka akwai wata 'yar na'ura da ke ɗumama musu jinin da ake sayowa. Ni tela ne, amma na haddace duk wannan, saboda Yaya ba ta da wata hira sai ita.

Zazzaɓin cizon sauro ne ya ɗauke mata ɗanta na fari tun bai fara tafiya ba. Na taɓa ce mata, “Yaya, waɗanda suka yi miki wannan aika-aikar su kike shayarwa?”

Ta harare ni. “Kai dai ba ka da wayo. Aiki nake sa su.”

Aikin na Dakta ne, wata siririyar mata da ke gwada allurar rigakafin wannan zazzaɓin. Za a ba sauro jinin wanda aka yi wa allurar, a ga ko ƙwayar cutar za ta kasa girma a cikinsa. Gwajin ba ya yiwuwa da sauron kwata, sai wanda aka haifa a ɗakin tun kakanni, mai tsabta. Ƙwansa kuma ba ya ajiyuwa. In aka tsallake shayarwa, zuriyar ta yanke, wahalar shekaru ta bi ruwa.

Sai tallafin da ake ba cibiyar ya ƙare, sabo bai fito ba. Aka sallami ma'aikata, mai kawo jini ya ɗauke ƙafa. Dakta ta ce, “Uwar Sauro, na sake nema, amma ban san ranar amsa ba, kuma ba ni da abin ba ki.” Yaya ta naɗe hannun riga, ta kifa damtsenta a kan ragar keji. Dakta ta tsaya tana kallonta, can ita ma ta naɗe nata.

Ban san wainar da ake toyawa ba sai ranar da Yaya ta zo shagona wai in ɗinka mata riga mai dogon hannu. Na ɗora awo, na ga hannu ya yi ruɗu-ruɗu, babu masaka tsinke. Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta bar ni na gama tas.

“Ka gama? To miƙo naka in gani.” Ta juya hannuna tana dubawa kamar mai sayen rago. “Wannan ai zai ƙosar da keji guda. Gobe ka zo.”

Na je, don tun ina yaro ban taɓa cin Yaya a gardama ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, sai da aka tsaga mini yatsa aka gwada jinina tukuna. Na ce, “Dakta, don kada su sa mini cuta ne?”

“A'a, Malam Tela. Don kada ka sa musu.”

Ni, da gemuna, ake tsoron in shafa wa sauro cuta! Na kifa hannu na runtse ido, Yaya tana gefe tana musu kirari, wai su sha da kyau, na kawunsu ne. Da labari ya kai gida, mijinta, wanda ba ya kwanciya sai ya feshe ɗaki kaf, ya yi tsalle ya dire ya ce shi ba da shi ba. Mako bai zagayo ba na same shi a layi a gabana, yana sosa hannu yana mita.

Haka muka yi ta yi har damina ta wuce. Da masu ba da tallafin suka zo dubawa, sun zaci kejin wofi za su tarar. Yaya ta buɗe ƙofa, kukan sauro ya tarbe su. Babbansu ya dubi kejin, ya dubi hannuwanmu, ya cire tabarau ya goge. Tallafi ya fito, ma'aikata suka dawo, na'urar jini ta koma aiki. Na yi murna har na manta da ƙaiƙayi.

Bayan watanni Dakta ta sa aka kira mu. Ta zaunar da Yaya gaban madubin ganin ƙwayoyin cuta, ta nuna mata cikin sauron da ya sha jinin wanda ba a yi wa allura ba: ƙwayoyi birjik. Ta sauya gilashi, ta sa na wanda aka yi wa.

“Dakta, ban ga komai ba.”

“Abin da muke nema ke nan. Matakin farko ne, da sauran tafiya, amma babu ko ɗaya.”

Yaya ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, hawaye na zuba, baki har kunne. Ta kamo hannuna mai tabo ta riƙe gam.

“Da yanzu ɗan nan nawa ya isa aure, ka sani,” in ji ta. Sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta ce in matsa mata hanya, lokacin ba tsutsotsi abinci ya yi.