Gaisuwar da Na'ura Ta Ƙi Ɗauka

Matso kusa ka ji wata, daga bakin wadda ba ta yi boko ba, sai abin da kunne ya tsinta.

Shekarun da muka samu jiharmu, Shari'a ta kankama, autanmu ya dawo Kaura da takardar koyon kwamfuta. Ni na goya shi bayan rasuwar Inna. Da ya ce in bai samu aiki nan ba Legas zai tafi, tuwo ma daina wuce mini ya yi. Ana haka sai 'yan kasuwar wake masu cin kasuwar Shinkafi suka ce ya yi musu shafi a intanet, masu saye daga Kudu su riƙa gani. In shafin ya yi kyau, su ɗauke shi aiki.

Shugabansu, wani dattijo ɗan Badarawa, ya kafa sharaɗi: duk wanda ya buɗe shafin a tarbe shi da cikakkiyar gaisuwa. Sallama, ina gajiya, ina iyali, ya hanya, sannan addu'a. Auta ya rubuta su a inda ake ba na'urar umarni, kowace a layinta, yadda muke rubuta wasiƙa. Na'ura ta ƙi tashi sam.

Rana ta uku ya shigo bayan azahar ina tankaɗe, ya zauna kan turmi, ido ja.

“Yaya, abun ga layi guda yake ji. Da na sauka layi na biyu sai ya ɗauka wani sabon umarni ne, ya rikice. Zan bar sallama kawai.”

“Ka yanke wa dattijo gaisuwa? To ka fara ɗaure kayanka.”

“To mi zan yi?”

Na ce, “Halinka ta ɗauko. Kana ƙarami, in na aike ka, ina tsayawa numfashi ka ruga da rabin saƙo. Sai na riƙe bakin rigarka har in gama.”

Ya harare ni, ya bar furar da na dama masa, ya fita.

Bayan la'asar sai ga shi yana dariya tun daga zaure. Wai ya koma ya buɗe littafinsa na makaranta. Ashe akwai wata 'yar sanda karkatacciya da ake sa wa a ƙarshen kowane layi, mai ce wa na'ura, dakata, ban gama ba. Ya sa wa kowane layi tasa, ban da na ƙarshe. Gaisuwa ta fito duka, har amin.

“Kin ga littafi ne ya gyara, ba ke ba,” in ji shi, yana shan furar da ta riga ta yi tsami.

Na ce na ji. Ni dai jakar tafiya Legas da ya sauko da ita daga kan kabad na mayar, na tura ta can ciki. Dattijon kuwa sau biyu ya sa aka karanta masa, sannan ya ce yaro ya samu tarbiyya.

Har yau Auta yana nan Kaura, gidansa bango ɗaya da nawa. Kai, da kai ne, da ka tsaya yi masa gardama a kan wanda ya gyara?