Gwajin Mota a Hanyar Barkiya

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ba mutum ba ne mai son canza abu. Tsohuwar motarmu ta daɗe a hannunsa har makwabta suna gane tarinta tun daga kwanar layi. Da don ta shi ne, da bai taɓa rabuwa da ita ba. Amma mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, tana zaune a Barkiya, ta kuma rantse ba za ta bar ɗakinta ta dawo Dutsin-Ma ba. Ga ciwon baya, ga likita ya ce a riƙa kawo ta duk wata. Ni nake zama da ita a kujerar baya in riƙe ta. Kowane rami muka faɗa sai in ji ta matse hannuna, tana salati a hankali. In mun iso asibiti takan daɗe kafin ta iya miƙewa. Wata rana ta ce masa a bar ta haka nan, tafiyar ta fi ciwon wahala. Daga ranar ya fara maganar sabuwar mota.

Wadda ƙarfinsa ya kai wata ce ta sabon kamfani, dal a leda, mai kyau kamar amarya. Sai dai duk wanda ya ji sunanta sai ya taɓe baki. Abokan aikinsa suka ce kayan gyaranta sai Kano. Wani ya ce ta surukinsa ta mutu a tsakiyar kasuwa ba tare da ta yi ko tari ba. Malam ya dawo gida ya zauna ya ce, “In tsohuwar ta tsaya da Inna a daji, na san inda zan buga ta tashi. Wannan fa?”

Mai sayar da motar abokinsa ne tun makarantar firamare, wani Alhaji mai baki kamar reza. Da ya gaji da jeka-ka-dawo sai ya ce, “Malam, kai ko akuya za ka saya sai ka nemi tarihin kakanninta. Ranar asibitin Inna ni zan ja motar da kaina, mu je mu ɗauko ta. In ta ba ni kunya, ka tafi da hulata.”

Haka aka yi. Damina ce, an yi ruwa kwana biyu kafin nan. Muka wuce Kurfi, muka bar kwalta, Alhaji yana ta yabon hajarsa, Malam kuwa ya kasa kunne yana neman ƙara bai samu ba, har abin ya fara ba shi haushi. Inna ta fito ta zagaya motar da sandarta, ta ce Allah ya tsare, ta shiga.

A dawowa ne, wajen wani rafi da ruwa ya janye ya bar rairayi, Alhaji ya ce mu ga ikon Allah, ya taka mai. Motar ta shiga, ta yi ƙugi, ta zauna daram.

“To, miƙo hular,” in ji Malam.

“Hanyarku ce ba ta da tarbiyya,” in ji Alhaji.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Duk damina tsohuwar motar takan kafe a nan, kuma akwai wani manomi a gefen rafin mai shanun huɗa da yakan jawo mu. Ya zo da bijimansa biyu yana dariya, ya ce, “Malam, an yi sabuwa amma ba a canza hali ba.” Malam ya karɓi igiya ya ɗaura a bambar gaba kamar yadda ya saba. Bambar tsohuwar motar ta ƙarfe ce. Bai tsaya ya ƙwanƙwasa wannan ba, Alhaji kuma yana can yana kakkaɓe takalminsa.

Manomi ya daka wa shanu tsawa. Suka yunƙura, suka tafi a guje da fuskar motar gaba ɗaya tana tsalle a bayansu, mu kuwa muna nan inda muke. Alhaji ya ɗora hannu a ka yana cewa, “Roba ce, Malam! Roba ce!” Na toshe bakina da mayafi, dariya ta ƙi tsayawa. Daga baya Alhaji ya tono wata ƙugiyar ƙarfe a cikin but ɗin motar, ya ɗaura ta a gaba, shanu suka fitar da mu.

Malam ya leƙo ta taga don ya ba Inna haƙuri. Sai ya fasa. Barci take yi, kanta a kafaɗata, tun kafin mu iso rafin. Ba ta ji ƙugin ba, ba ta ji ihun Alhaji ba. Hannunta yana kan cinyarta a buɗe. Ya daɗe yana kallonta.

Alhaji ya matso ya ce, da gaske wannan karon, “Kada ka saya don kunyar bamba. Ni zan gyara abina.”

Malam ya ce, “Rage murya. Na saya.”

Masu magana ba su yi ƙarya ba. Motar ta wahalar da mu. Gilashinta ya taɓa ƙin rufuwa har mako ya zagayo, ta kuma taɓa kwana a gareji ana jiran wani ɗan ƙaramin abu daga Kano, Malam yana hawa babur zuwa aiki yana mita. Amma Inna ba ta sake cewa a bar ta ba, kuma bai taɓa fasa kai ta ba har ya kwanta ciwon ajali.

Yanzu ƙaninsa ne yake jan mu. Watan jiya likita ya ce bayan Inna da sauƙi, ta ce a tsaya a kasuwa ta sayi atamfa.