Kaucin Wace Bishiya?

A gonarmu ta bayan gari akwai ɗorawa da kanya da tsamiya, kuma babu wadda kauci bai hau ba. Tsuntsaye ke kawo shi, ya manne a reshe, ya fitar da jan furensa kamar tsinken ashana, yana shan ruwan bishiyar da ba tasa ba. Tun ina yarinya na san shi a tukunyar mahaifiyata. Ba ta taɓa cewa "kauci" ta yi shiru ba. Sai dai kaucin tsamiya, ko kaucin kanya, don kowanne da jinin bishiyar da ya sha, kowanne da ciwon da ake nemansa dominsa. Saboda haka kada wani ya ce ni maƙiyiyar maganin gargajiya ce. Da shi aka raine ni.

Abin da zan faɗa a kan 'yata ta fari ne. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ko ciwo yake sai ta kau da kai ta bar wa dangi. Ni na riƙe wannan alkunya fiye da kowa a unguwarmu. Ƙanwar babanta ce ta goye ta, ita ta aurar da ita Bacirawa, ita ke shiga duk wata maganarta. Ni kuwa "yarinyar nan" nake cewa, har ta haifi 'ya'ya ta aurar da wasu. Sai Allah ya yi wa goggon tata rasuwa. Ba a daɗe ba aka ce an ga ciwon daji a maman yarinyar nan na hagu.

Asibitin cikin birni suka ɗora ta a kan wani ƙarin ruwa, lokaci zuwa lokaci. Ruwan nan ba shi da tausayi. Gashinta ya zube, ko ƙamshin miya ta ji sai amai. Labari kawai nake ji a bakin masu zuwa dubiya, ina cewa Allah ya sauwaƙe, kamar 'yar maƙwabta ake ba ni labari.

Ranar da na je da kaina, bayan an gama girbin gero, na tarar da tsakar gida cike da dangin miji. Na zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Amma idona bai yi baƙunta ba. Na ga gashinta ya fara tsirowa. Na ga bayan hannunta sumul, babu sabon tabon allura. Na ga yadda take tallafe gefen hagu in za ta juya. A kan taga kuma ga wata farar jarka da ruwa baƙi-baƙi a ciki.

Wan mijinta, wani Alhaji mai fataucin shanu, shi ke ta bayani. Ya ce ai an huta da wahalar asibiti, tunda ga kauci an tace. Ya ce a waya ya ji, har Turawa a ƙasarsu allurar kauci suke yi wa masu daji.

Na ce, "Alhaji, kaucin wace bishiya ne?"

Ya yi dariya. "Inna ke nan! Kauci ai kauci ne."

"Wa ya ciro shi?"

"Wani mai magani ne a kasuwar ƙauye, da lasifikarsa da motarsa. Ba ƙaramin mutum ba ne."

"Shi ya ce a daina zuwa asibiti?"

"To, Inna, a haɗa biyu ai sai su yi faɗa a ciki."

Na dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Mutumin kirki ne, amma a gaban wansa ba shi da baki. Matan gidan kuwa kowacce ta san tun kafin damina ta yi nisa aka daina kai ta. Sun sani, suna kawo mata kunu, suna cewa jiki ya yi kyau tunda amai ya tsaya. Ita ma ta sha ne don kunya, wai kada a ce ta raina abin da wan miji ya kawo. Gida guda cike da manya, kowa na jin kunyar wani, ciwo kuwa yana cin naman 'yata ba ya jin kunyar kowa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kira sunanta. Sunanta na yanka, da ƙarfi, a gaban surukai. Wata ta saki ludayi. Ita kanta ta zuba mini ido kamar ba ta gane muryar ba.

Na ce, "Ɗauko mayafinki."

Alhaji ya ce, "Haba Inna, 'yar fari ce fa!"

Na ce, "Ni na haife ta, ba sai ka tuna mini ba. Ka taɓa ba saniyarka abin da ba ka san daga ina ya fito ba?"

Na ɗauki jarkar na ƙulle a gefen zane. Mijin ya fita ya tsayar da adaidaita sahu, bai yarda sun haɗa ido da wansa ba.

Likitar mace ce, ba ta kai 'yata shekaru ba. Na dire mata jarkar a kan tebur, ina jiran ta yi mana tsawa irin ta 'yan boko. Ba ta yi ba. Ta buɗe, ta sansana, ta rufe. Ta ce gaskiya ne a wasu ƙasashe ana ba masu daji wani kauci da aka sarrafa, amma irin nasu daban ne, kuma tare da maganin asibiti ake bayarwa, ko mutum zai ji ƙarfin jiki. Ta ce ba a tabbatar yana kashe ciwon ba, kuma ba a ajiye magani saboda shi. Wannan na jarka kuwa, ba ta san abin da ke ciki ba, balle ta ce a sha.

Ta ce, "Mama, tun farko na roƙe su, duk abin da za a ba ta a gida a kawo in gani. Wani zan ce a ci gaba, wani zan ce a dakata. Ɓoyewar ce ke ba mu wahala."

Wato an ma faɗa musu! Nan na ji wani sabon ɓacin rai ya taso mini.

Da aka sake dubawa, ciwon ya ƙara faɗi, ya kai hammata. Aka mayar da ita kan ruwan, amai ya dawo, gashin da ya tsiro ya sake zubewa. Daga baya aka cire maman gaba ɗaya. Na tambayi likitar ko da ba a tsaya ba da an tsira da shi. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Ni ma ba zan rantse ba, amma watannin nan da aka zubar a jarka ba zan yafe su da sauƙi ba.

Na dawo da ita gidana ta yi jinya. Ni na yi mata wanka, ni na wanke mata miki, hannuna ya taɓa jikin da rabona da shi tun yaye. Har yau a Bacirawa ba a maganar jarkar Alhaji. Maganar da ake yi ita ce tsohuwar da ta faɗi sunan 'yar fari a gaban surukai. Alhajin ma da ya zo dubiya, wani ƙullin ya kawo, wai na ƙarin jini. Na karɓa na ce za a kai wa likita. Ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Tana nan da ranta. Tana zuwa asibiti ana dubawa, ba a ce an gama ba. Hannun hagun yana kumbura, ba ta iya daka. Da hantsi takan zauna a gindin tsamiyar ƙofar gida tana tsince wake da hannu ɗaya, ni kuma in leƙo ta kan katanga in kira ta da sunanta ta zo ta sha magani. Maƙwabta na ji. Su ji.